Mai Riƙe Ɗaya Bakin Rawani

Hillat Sulaiman ƙauye ne a bakin kwalta, kudu da Abu Hujar kaɗan, kuma ba a san shi da komai ba sai tare hanya. Ba irin ta ɓarayi ba. Da azumi, in rana ta yi ja, kowane gida kan fito da tirensa, a baza tabarmi gefen hanya. Sai dattawa biyu su warware rawani, wannan ya kama baki ɗaya, wancan ya ƙetare da ɗayan, su miƙe shi a tsakiyar kwalta. Direban da ya hango farin ƙyallen nan ya san ba wucewa sai an sha ruwa. Ko sauri yake zai kai amarya, sai ya sauko.

Rawanin na Jibirin ne, shi ma a hannun ubansa ya gaji aikin. Mai kama ɗaya bakin kuwa Maliki, taubashinsa, wanda tun suna yara ba su taɓa rabuwa ba tare da sun zagi juna ba.

Sai shekarar da masu bindiga suka ratsa yankin. Suka tone matmura, ramukan da ake binne dawa, suka kwashe har da iri. Mutane suka gudu, suka dawo, suka yi shuka a makare, abin da aka girbe bai kai a yi magana ba. Da azumi ya matso, Maliki ya miƙe a ƙofar masallaci bayan Juma'a ya ce bana kowa ya sha ruwa a ɗakinsa, Allah ya ga halin da ake ciki. Kowa ya gyaɗa kai, ban da Jibirin.

"Ko ruwan randa ne zan fita da shi," in ji shi. "Tabarmar nan ba a hannuna za a naɗe ta ba."

"To ka fita, sarkin taurin kai," Maliki ya ce. "Ka ba baƙin rawanin su tauna."

A gida matarsa Dije ta buɗe masa bakin buhu ta ce ya leƙa. Ya leƙa. Ta ce, "Baban Huda, wanga shi ne duka. In na dafa wa hanya, mu ba za mu kai tsakiyar wata ba." Ya ce ta rage nasa kason ta zuba a na hanya. Ta dube shi ta girgiza kai, amma ta jiƙa dawar.

Ranar farko ya fita shi kaɗai da tabarma ɗaya, da balila, wato dafaffen hatsi, da jarkar abre, abin shan dawa mai sanyi. Da ba mai kama masa, sai ya ƙetare ya ɗaure ɗaya bakin rawanin a jikin bagaruwa. To, rawanin da aka ɗaure ba shi da hannun da zai ɗaga wa direba, ba shi da bakin da zai rantse da Allah sai ka sauko. Wasu suka ratse ta gefe suna masa hon. Wata babbar mota ta zo ta fizge shi ta yage bakin, Dije ta ɗinke. Maliki kuwa kullum yana zaune a ƙofar gidansa, sai ya ƙwalo, "Ka gaishe min da taubashinka bagaruwa!"

Rannan aka ci sa'a, ko a ce aka ci rashin sa'a. Wata hafila, babbar motar fasinja mai zuwa Damazin, ta tsaya, cike fam, har da na kan rufi. Jibirin ya yi ta murna yana "Bismillah, ku sauko," har sai da ya ga yawan hannayen da ke shiga kwano. Kafin ladan ya rufe baki balilar ta ƙare. Wata mata ta riƙa shafa ƙasan kwanon da yatsa tana ba ɗiyarta. Jibirin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ya tare su, shi ya rantse musu, ga su sun tashi da yunwa.

Can gefe akwai wani dogon mutum da jaki da karo, wato keken da jakin ke ja, rawanin ne ya riƙe shi tare da motar. Jibirin ya miƙa masa kofin abre na ƙarshe. Mutumin ya ce da Larabci, "Ya Hajj, ba wa masu azumi. Ni Kirista ne."

"Na tambaye ka?" in ji Jibirin. "Ba a tashi daga tabarmata baki a bushe. Sha, bawan Allah."

Ya sha. Ya ce sunansa Butrus, mutumin duwatsun Nuba, yana aikin girbi a manyan gonakin bayan gari, a nan yake kwana cikin bukka. Ya ɗan tsaya yana kallon kwanon da aka suɗe, sannan ya kaɗa jakinsa.

Da aka koma gida Dije ta ce, "Gobe ba abin da zan ɗora. Ka naɗe tabarmar nan, ba wanda zai zage ka." Da hantsi Jibirin yana zaune yana tunanin ko ya kai akuyar ɗiyarsa Huda kasuwa, sai ya ji ƙarar karo a ƙofa. Butrus ne, da buhun dawa a baya.

Jibirin ya miƙe, fuska ta ɓaci. "Jiya ka ga kwanona, yau ka maishe ni miskini? Ɗauke abinka."

"Ba nawa ba ne," Butrus ya ce. "Kuma ba kai na kawo wa ba."

Ya bayyana masa. Da dawa aka biya shi aikin girbi, su kuma a wurinsu ɗaya cikin goma na Allah ne, ana kai shi kanisa, wato coci, a raba wa mabukata. Kanisar da yake kaiwa an rufe ta tun lokacin gudu, mai kula da ita bai dawo ba. Ga buhu yana yawo da shi gona zuwa gona, ba ya iya ci, ba ya iya sayarwa, har ƙwari sun fara shiga. "In ya lalace a hannuna, mi zan ce? Jiya na ga inda masu yunwa ke tsayawa."

Ɗaya cikin goma. Jibirin ma haka ubansa ya koya masa, duk abin da ruwan sama ya shayar, a fitar da ushirinsa kafin a zuba a rami. Ya tsoma hannu cikin buhun ya ɗebo, fara ce tas, da 'yan ƙwari suna yawo.

Maliki da ya ga karo ya riga ya iso yana jan takalmi. Da ya ji zancen ya ce da Hausa, "Kai taubashi, da hatsin kanisa za ka buɗe wa Musulmi baki?"

Dije ta amsa daga bayan dangar kara, "Kai da na masallaci ke hannunka, ina ka kai shi?" Ta fito ta ja buhun da kanta.

"Tsaya," in ji Jibirin. Ya juya ga Butrus. "Akwai sharaɗi. A garin nan wanda hatsinsa ke cikin tukunya ba baƙo ba ne, mai tabarma ne. Mai tabarma kuwa ba ya ajiye kaya ya gudu. La'asar sakaliya ka zo, akwai aikinka."

"Wane aiki?"

"Za ka karɓi bagaruwa."

Ya zo kuwa, cikin wankakkiyar jallabiya. Jibirin ya danƙa masa bakin rawanin, wanda Dije ta ɗinke, ya koya masa: ka ɗaga sama, in ya rage gudu ka matsa ga tagarsa, in ya ce yana sauri ka ce kowa ma sauri yake. Butrus ya ƙetare. Dogo ne, da ya ɗaga hannu sai rawanin ya tashi har ana hangensa daga kwana. Motar farko ta tsaya. Direban ya fara ba da uzuri, Butrus ya sa kai ta taga ya yi ta rantsuwa har mutumin ya kashe inji yana dariya. A tabarma ga asida, tuwon dawa, kwano-kwano, miyar kuɓewa ce ba nama, amma ba wanda ya shafa ƙasan kwano.

Maliki yana daga ƙofarsa yana kallo. Bai ce a gaida kowa ba. Ya shiga gida, aka ji muryarsa sama-sama da ta matarsa, sai ga shi ya fito da tire a ka, dabino kaɗan da kisra, siririyar wainar dawa. Ya dire a tabarma, ya ƙetare kwalta fuu, ya tsaya gaban Butrus.

"Wanga bakin nawa ne tun kana goye. Sakar min."

Butrus ya dubi Jibirin.

"Kada ka sakar masa!" Jibirin ya ƙwala daga can. "Shi ya bar wa itace. In yana so ya warware nasa ya tare masu zuwa daga kudu."

Maliki ya zage shi tas, har da kakansu da suka haɗa. Sannan ya kai hannu ya fara warware rawaninsa, yana waige ko wa zai kama masa. Maƙwabcinsa Usmanu, da ya leƙo don jin faɗan, ya aika a ɗauko tabarmarsa.

Jibirin bai tsaya kallonsu ba. Ya hango wata hafila ta ɓullo daga Abu Hujar, cike har rufi, ladan kuma yana gyaran murya.

"Butrus, ɗaga!" ya ce. "Ɗaga sosai, wannan ba za ta wuce mu ba."