Inci Biyar

…kuma ba baƙin nan ba, wallahi ba shi ba. Baƙi sai ka ce mai gadin sito a Laurel. Ruwan toka? Na ofis ne, na ranar Litinin. Shuɗin fa… shuɗin ya ƙi maɓalli. Ba ni na ƙara ƙiba ba. Injin wanki ne. Injinan ƙasar nan ba su da tsoron Allah.

Wando bakwai a kan gado, ni a tsaye gaban madubi da rigar mutanen Pakistan har gwiwa. Kurta, wai. Kaftani ne kawai da aka hana shi girma. Amma ta karɓe ni, kar a yi ƙarya. Ruwan zuma, ga aiki a wuya. Dubi kafaɗa! Shekara hamsin da huɗu, wa zai ce? Fatihu, Allah ya yi maka komai, mutane ne dai ba sa so.

Ƙarfe biyu ɗaurin aure a Fort Washington. Yanzu sha ɗaya da rabi. Afnan, 'yata ta cikina, za a ba wa yaron nan ɗan Lahore mai gemu kamar burushi —

Dokar uwar ango ce, an turo wa kowa a waya: maza duka kurta iri ɗaya. Farin wando na mutum biyu ne kacal, uban ango da uban amarya, su za su zauna gaban liman. Sauran jama'a kowa ya nemo mai duhu. Sauran jama'a! Ni ke nan. Ai ba sai an faɗa min ba.

Maitama. Mijin uwarta. Likitan haƙori. Shekara goma sha shida yana kai min 'ya makaranta, yana zuwa taron iyaye, sai ka ce aikensa aka yi. Shi ne "Daddy". Ni kuwa "Baba", a waya, ran Salla, minti uku. Me na yi? Fita kawai na yi. Mutum ba zai fita ba? Na ce wa uwar tata, Sailuba, zan je Dallas sati biyu, aiki ya riƙe ni shekara uku, shi ke nan abu ya zama laifi, har da kotu…

Sau uku yarinyar ta kira ni satin nan. Ban ɗauka ba. Ni ma ina da aji. Ta ji yadda ake ji.

Ruwan ƙasan nan fa? A'a, gwiwarsa ta yi jaka.

Laraba, shagon Talatu tela, na je karɓar rigata. Ga shi can a rataye shi kaɗai cikin leda, fari tas, yana sheƙi, an manna masa takarda: uban amarya. Raina ya yi baƙi, sai kuma dariya ta taso min tun daga ciki. Na ce, Hajjaju, an ce a rage wa wannan inci biyar. A yanke, ba ninkewa ba, a zubar da ƙyallen. Ta dube ni daga hula har takalmi. "Inci biyar, Malam Fatihu? Ka tabbata?" Na ce mai wandon ne ya so haka. Ta taɓe baki. "To, mai wando ya fi kowa sanin ƙafarsa."

Ƙafarsa! Ai nan ne daɗin. Ciwon suga ya ci masa ta hagu bara waccan, daga gwiwa zuwa ƙasa ƙarfe ne da roba. Ba ya son a gani. Ko a masallaci can gefe yake jan kujera, yana ta jan bakin wando kamar budurwa. Yau zai zauna gaban liman, gaban surukai, gaban wayoyi ɗari biyu — wando ya haura, ƙarfe ya yi wal! Uban amarya, sabon fita daga gareji.

Raha ce. Mutane ba su san raha ba. Biki ba dariya ai zaman makoki ne. Ni ban taɓa dukan kowa ba.

…Ba-ba-baba. Afnan tana shekara bakwai, da in'ina. Baƙi cike da falo, na kwaikwaye ta, Ba-ba-baba, ru-ru-ruwa, har wani ya ƙware da shayi. Kowa ya yi dariya, kowa! Ita ce kawai ta tsaya riƙe da kofin. Tun ranar ba ta ƙara yi min Hausa ba, sai Turanci, a Turanci harshenta ba ya sarƙewa. Sailuba a kicin tana cewa, "Kai dai ba ka san inda wasa yake tsayawa ba." Yana tsayawa ne? A ina aka kafa masa alama?

Baƙin dai. Baƙin zan sa, in tsaya a baya, in ga komai da kyau.

Waya. Talatu: ta ajiye min saƙo a bakin ƙofa, tana sauri. Saƙon me? Leda… farin ne. Kai, Talatu! Ta kawo nan gidana Germantown abin da za ta kai Fort Washington. Ashe yau Maitama ba wando ma gaba ɗaya! Allah, ban roƙe ka wannan ba, ƙari ka yi min —

Faɗinsa fa?

Maitama sanda ne. A sa shi a ƙafa ɗaya ta wandon nan, a ɗaure bakin.

Arba'in da biyu.

Ni talatin da shida nake sawa. Kowa ya sani, ni na faɗa wa kowa. Arba'in da biyu ba wanda ya… da azumi, da Afnan ta zo ta kawo min kunu, ta tarar da wanki a kan kujera, ta tsaya tana ninkewa, tana duba ƙugun kowane wando. Na zaci ladabi ne.

Akwai takarda a aljihu. Ranar Laraba ban sa hannu a ciki ba. Rubutunta, ƙanana, a karkace. Da Hausa. Da Hausa!

"Baba kai zaka bada ni. Daddy yace hakkin ka ne. Kar ka makara dan Allah."

To wa ya tambaye shi? Wa ya ce ya bar min? Mutum ya zauna lafiya da ƙiyayyarsa, a zo a yi masa alheri ba sallama. Wannan ai mugunta ce. Shirya min suka yi, shi da ƙarfensa…

Ƙugu daidai. Kamar a jikina aka ɗinka. Ƙasa kuwa — tsakiyar ƙwauri. Ga gashin ƙafa ya yi furfura, ga kaushi, ga tabon salansa tun na Kano. Kamar wanda zai tsallake kwata. A warware kalmasa? Wace kalmasa? Na ce a yanke. Na ce a zubar. Kanti? Wa ke sayar da farin wando a watan Nuwamba? Ga babbar hanyar 270 a cushe, ranar Asabar.

In na sa baƙi, zan shiga tana leƙowa ta bayan mayafi, ta ga baƙi. Ta ce ya karanta, ya ƙi. Ba za ta yi kuka ba, tsayawa za ta yi, kamar da kofin nan. In na sa wannan, wayoyi ɗari biyu. Za su yi dariya. Ni ma da zan yi. Wallahi abin dariya ne, ni na tsara shi, na san yana da kyau…

Sha biyu da kwata.

Waya kuma. Maitama. Sunansa yana haske a kan gado, tsakanin baƙin da shuɗin. Zai ce, "Fatihu, ka taso? Mun ajiye maka wuri." Da muryar nan tasa mai sanyi, ta cire haƙori.

Bari ta yi ta ƙara. Bari in zauna tukuna. In na sassauta zariya, na saukar da shi ƙasan tumbi, rigar ta rufe… inci ɗaya. Biyu, in ban yi numfashi ba. Saura uku.

Ina ja. Kamar yadda yake ja a masallaci, haka nake ja…

ba ya saukowa.