Jar Akuyar San Balantan

Duk garin Deule an san Tsoho da matarsa Adawiyya ba su da cikakken saiti. Tun da Tsoho ya dawo daga cin rani a Abijan da wata al'ada wai San Balantan, ranar masoya, kowace sha huɗu ga Fabrairu sai sun bar wa gari abin magana. Bara jakinsa ya shafe da jan fenti, ya ɗora ta a amalanke suka zaga kasuwa. An yi dariya, an wuce.

Bana ba wanda ya yi dariya. Da hantsi aka gan su a gindin tsohuwar tsamiyar bayan gari, sun naɗe ta da jan ƙyalle, sun ɗaure jar akuya, Adawiyya ta sha ja har ɗankwali. Inuwar tsamiyar kawai Tsoho ya hango. Shashashan ya manta a nan kakan Adawiyya yake yi wa iskoki yanka kafin gidansu ya musulunta, kuma jar dabba yake yankawa.

Bai gama wasa wuƙa ba Liman Alƙasim ya iso, rabin gari na biye, samari riƙe da sanduna.

"Tsoho, mi kuka yi nan?"

"Fet ta, Malam, wato biki. Akuyar ga kado ta, wato kyauta."

"Ɗiyar matsahwa ba ta barin gado!" in ji wata murya daga baya. "Ita ta jawo shi!"

Adawiyya ta ja ɗankwali ta rufe fuska. Tun tana yarinya take gudun wannan suna, yau ga shi ya cim mata a bainar jama'a.

Liman ya ce, "In tsahi na, matar ga ba ta kwana garin ga. Hwaɗi gaskiya. Don mi ja? Wa za a yanka ma?"

"Can Abijan, ja shi na kalar..." Tsoho ya tsaya, ya dubi jama'a. Ga surukansa, ga 'ya'yansa masu gemu, a garin da namiji ko sunan uwargidansa ba ya kira. Wasan banza duk ya iya, wannan kalma ce bai taɓa furtawa ba.

Dutse ya faɗo dab da ƙafar Adawiyya. Wani yaro ya duƙa neman na biyu.

"Kalar so ta!" Tsoho ya kwatsa da ƙarfi. "Adawiyya nika so! Ita zan yanka ma, ba iska ba. Tun tana budurwa nika sonta!"

Mata suka rufe baki, babban ɗansa ya juya baya, sanduna suka sauka. Liman ya sunkuyar da kai don kunya.

"Kwance ƙyallen ga, ku tahi gida ku yi yankanku."

Da aka watse, Adawiyya ta share hawaye da bakin ɗankwali, ta dubi Tsoho.

"Malam, sai da anka jehe ni ka iya hwaɗi?"