Dankalin Basilia da Motar Barguna

Makon da sanyin nan ya sauko mana daga kan duwatsu, ruwan da muke kwana da shi a bokiti a cikin ɗaki sai mu wayi gari ya zama dutse. An rufe makaranta. Kowace safiya sai an fitar da mushen 'ya'yan alpaka, dabbar da muke kiwo don gashinta, daga garke, masu zuwa kasuwar garin Ilave kuwa sun daina sammako, don motar haya ba ta tashi sai an hura wuta a ƙarƙashinta. Kowa na kuka ban da yayata Basilia. Ita wannan sanyin take jira tun da aka haƙe gonaki.

Ta shimfiɗa ciyawa a filin bayan gidanta, ta baza dankalinta kaf, ya kwana yana shan ɗari har ya daskare. Saura a tattake shi da ƙafa idan rana ta sassauta shi, ruwan ya fita, ya bushe ya zama abin da muke kira cunyo, busasshen dankali mai daɗewa a ajiye. Shi ne abincinta na shekara, tunda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suna can birnin Arequipa. Takun ba aikin mutum ɗaya ba ne, gayya muke yi, yau a filin wannan, jibi a na wancan. Basilia ta riga ta taka na rabin ƙauyen. Alhamis ce ranarta.

Da safe na same ta ta ɗora babbar tukunyar miya da busasshen nama saboda 'yan gayya, amma idonta na kan duwatsu.

"Rufina, kin ga gajimaren can? Dusar ƙanƙara ce. In ta sauka a kan dankalin nan ba mu taka mun kwashe ba, ruɓewa zai yi."

Ba ta rufe baki ba sai ga Zenon, ƙanen mijinta, wanda shugabancin ƙauye ya faɗo kansa a bana. Lasifika ce a hannunsa, yana shela gida-gida: manyan baƙi na tafe daga birni da mota cike da barguna, kowa ya hallara a filin makaranta, wanda bai zo da ƙafarsa ba babu rabonsa.

"Kuma don Allah kada a ci ado," in ji shi. "Bara kun fito kamar masu zuwa biki, baƙin suka ce ai mutanen nan ba su da damuwa. Kowa ya sa tsofaffin kayansa."

Basilia ta ajiye ludayi. "Zenon, sauke abin nan daga bakinka, ba kurma ba ce ni. Ka san yau ranata ce?"

"Na sani, Yaya. Abin ba zai daɗe ba. Kafin rana ta take an gama."

"Haka ka ce bara, muka wuni a tsaye kamar turaku. Yanzu kuma har da tsumma? Uwarka in baƙo zai zo, mafi kyawun siket ɗinta take sawa. Kai ka ce mu fito kamar waɗanda aka tono daga rami, don a ɗauke mu hoto?"

"To ya zan yi? In ba su ga taro ba, baɗi wani ƙauyen za su kai."

"Su kai! Bargo zan dafa in ci?"

Ya wuce gida na gaba.

Muna tsaye muka ga mutane na gangarawa makaranta. Teodosia, aminiyar Basilia wadda ta riƙe mata ɗa a wurin baftisma, ta biyo ta bakin filin da wata yagaggiyar riga da na tabbata daga shimfiɗar karenta ta ciro ta.

"Ƙawata, yanzu zan dawo, karɓa kawai zan yi."

"Sauka lafiya," in ji Basilia. "Ki gaishe da karen, ki ce masa a yi haƙuri da aro."

Muka cire takalma mu biyu. Wanda bai taɓa taka daskararren dankali ba bai san zafi ba. Ruwan da ke fita yana yanka tsakanin yatsu kamar reza, can kuma ƙafar ta mutu, sai dai ka duba ƙasa ka tabbatar tana nan. Muka cusa ganyen koka, mai rage gajiya da yunwa, a kumatu muka ci gaba. Basilia na taku tana faɗa, ni ina ji. Ta ambaci kowane gida da ta yi wa aiki, da wanda ta taka masa tana zazzaɓi, da wanda ta ara wa jakinta. Daga inda muke muna hango su a jere a filin makaranta, tsofaffi da masu goyo, iska na kaɗa tsummokaransu. Rana ta take, ta karkata, babu mota.

Sai da la'asar ta iso. Ko a nan ba a fara rabo ba, sai da aka yi jawabi, aka jera mutane aka ɗauki hoto, aka sake jera su don wani babba bai fito da kyau ba. Ana cikin haka dusar ta fara sauka.

Abin da muka taka bai kai rabi ba. Muka shiga kwasa da buhu, da zane, da malafunanmu, muna kaiwa rumfa da gudu. Kafin mutane su hauro, filin ya yi fari fat, sauran dankalin na ƙarƙashi yana shan ruwa.

Teodosia ce ta fara isowa, sai wasu mata, sai Zenon a baya da bargo biyu a kafaɗa. Ba wanda ya iya kallon Basilia.

"Na roƙar miki naki, Yaya," in ji shi. "Da ƙyar suka yarda."

Ta karɓa ta ware shi, ta ɗaga sama. Ta cikinsa ina hango rufin gidanta.

"Wannan kuka wuni a kai?" Ta miƙa masa gefe ɗaya. "Riƙe nan. Ku kuma me kuke kallo? Ku tona!"

Matan suka durƙusa suna tono dankalin da hannu suna zubawa a bargon. Da ya cika, Zenon da Teodosia suka ɗaga. Ba su yi nisa ba ya yage ta tsakiya, dankalin ya watse cikin dusa.

Teodosia ta fashe da kuka. "Ƙawata, ki yafe. Nawa ran Litinin ne, in kin ƙi zuwa ba zan ga laifinki ba."

Basilia ta sunkuya tana tsinta ɗaya-ɗaya, tana matsa kowanne a hannu ta ji ko zai rayu. Yawanci jefarwa take yi.

"Zan zo," ta ce, ba ta ɗago ba. "Tun da safe zan zo, da siket ɗina mai kyau. In an gama kuma ki auno mini daga naki, don wannan ba zai kai ni damina ba."