Silifa a Ƙarƙashin Birki

Duk Birnin Kudu an san Ɗahiru makanike da surutu, amma ranar da Malam Hambali ya kawo motarsa gareji, sai ka rantse ɗinke masa baki aka yi. Malam shi ne mahaifin Munawwara, ma'aikaciyar asibitin da Ɗahiru yake nema da aure, kuma har lokacin bai ce ya ba shi ba, bai ce ya hana ba.

Matsalar ba wata babba ba ce. Birki ne ya yi ƙasa, sai an taka ya kusa nutsewa kafin ya kama. Malam ya ce zai yi azahar ya dawo, don Gwaram zai wuce. Ɗahiru ya zage. Ya fitar da iska, ya ƙara mai, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari ya ɗago birkin ya ɗaure tamau. Aiki dai ya yi kyau, wannan kam ba mai musu.

Yana zaune a ciki yana gwadawa ya ji sallamar Malam. To wa zai tari suruki da takalmi a ƙafa? Ya zame silifansa, ya tura su ƙarƙashin kujera, ya diro ya durƙusa. Malam ya shiga, ya taka birki, ya ce madalla, ya tayar da mota.

Ɗahiru ya tuna da silifan. Wallahi ya tuna. Amma ya tsayar da dattijo kamar Malam saboda takalmin da ya sha baƙin mai? Ya haɗiye maganar, ya tsaya yana ɗaga hannu kamar wani sakarai.

Gargadar hanya ta yi ta turo ƙafa ɗaya ta silifan gaba har ta shige ƙarƙashin birki. A wata gangara kafin Gwaram amalanken shanu ya tsallako titi. Malam ya taka, birki ya ƙi sauka. Ya kauce ya faɗa rami a bakin gona. Allah ya kiyaye, goshinsa kawai ya fashe.

Washegari ya zo gareji a kan acaɓa, da bandeji a ka da leda a hannu. Ɗahiru ya cire takalmin da ya ara ya durƙusa, yana ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Malam bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya tambaye shi ko ya san silifansa suna cikin motar lokacin da ya tafi. Ɗahiru ya ce ya sani, nauyinsa ya ji.

Malam ya ce shi 'yarsa zai damƙa wa mutum, kuma wanda kunya za ta hana shi magana a kan birki, bai san a kan me zai yi magana ba. Sai ya zazzage ledar a gabansa.

"Sa takalminka, Ɗahiru. Daga yau ba sai ka cire mini ba."