Fararen Fil na Gidan Pengarrow

Duk wanda ya taɓa shiga falon Denzil Pengarrow a Porthenna ya san ba ya fita sai an tsayar da shi gaban taswira. Ko mai karanta mita ne, ko mai kawo saƙo da ya leƙo neman sa hannu, sai ya sha bayani. Taswirar duniya ce ta cinye bango guda, an sossoka mata fil masu kawuna kala uku. Jan fil namiji ne mai rai da ke amsa sunan Pengarrow. Baƙi wanda ya mutu. Fari kuwa mace ce, kuma a wurin Denzil farin fil aro ne. Ranar da yarinya ta yi aure ta ɗauki sunan mijinta, kamar yadda matanmu ke yi, ranar zai zare ta daga bango ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin alewa.

"A zamanin kakan kakana," haka yake farawa kullum, "ka tsaya a bakin ruwan nan ka ƙwala kira ka ce Pengarrow, rabin gari ne zai waiwayo." Daga nan sai yatsa ya kama tafiya: yadda ramukan kuza suka rufe, maza suka bi teku neman wasu ramukan, wasu Ostareliya, wasu Afirka ta Kudu, wasu Amurka, yadda yaƙe-yaƙe suka kwashe samari, yadda waɗanda suka rage suka yi ta haihuwar mata kamar an yi musu baki. Yanzu a duniya kaf jajayen ba su kai hamsin ba, galibinsu ma tsofaffi. A nan yankin Cornwall na Ingila da sunan ya tsiro kuwa saura biyu, shi da ɗansa Jago. Mun ji har mun haddace, yaran gari ma kan kwaikwayi muryarsa in ya ba da baya.

Ana nan sai ƙodojin Jago suka daina aiki.

Jago mai gyaran injin jiragen kamun kifi ne, bai kai arba'in ba, mutum mai dariya kamar zai tsaga rufi. Kafin shekara ta zagayo ya koma abin tausayi, ƙafafu a kumbure, fuska kamar an shafa toka. Sau uku a mako ake kai shi asibiti a Truro wankin ƙoda. Layin masu jiran dashen ƙoda dogo ne, ba wanda ya san ranar da zai zo kansa. Matarsa Bethan ta yi gwaji, ba ta dace ba. Denzil ya naɗe hannun riga ya ce a yanka shi yau ɗin nan, aka ce ga shekaru ga ciwon suga, ya yi haƙuri. Uwar Jago ta daɗe da rasuwa, ita kuma a gidan marayu ta tashi, ba a san mata kowa ba. Likita ta kira su gefe ta ce jikinsa ya fara gajiya da injin, kada su zauna jiran layi. "Ku nemi dangi na jini," in ji ta. "A nan aka fi dacewa."

Denzil ya kusa yin murmushi. Dangi? Wa ya kai shi sanin dangi? Ya dawo gida ko kwat bai cire ba, ya tsaya gaban bangonsa, ya ɗauki waya.

Mutumin da tunda yake bai taɓa roƙon ko gishiri a maƙwabta ba, shi ne ya koma mai magiya ga mutanen da bai taɓa gani ba. Na Michigan a Amurka ya ce masa ɗan damfara, ya kashe waya. Na Johannesburg ya haura tamanin, kunne ma ba ya ji, sai "Wa? Wa?" yake yi. A Leeds wata mata ta ɗauka ta ce ai maigidan ya rasu tun bara. Denzil ya yi mata gaisuwa, ya ajiye waya, ya zare ja ya soka baƙi. Wasu suka ce za su yi shawara, shiru kake ji har yau. Ya daina aski, ya daina zuwa majami'a, shayi ya yi ta hucewa a kofi. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ke hana mutum zama wuri ɗaya.

Wata Laraba yana zaune gefen gadon Jago, injin na ta juya jini ta cikin robobi, ya ce, "Kada ka damu. Saura na Ostareliya. Ba zan bar sunan nan ya mutu a hannuna ba."

Jago ya juyo da kai a hankali. "Baba, in tambaye ka?"

"Ina ji."

"Ni kake son ka ceta, ko sunan?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Magana ce dai. In na warke sai ka ce mu nemo ɗa namiji, ko ba haka ba? 'Yata Elowen kuwa tana nan a bangonka, fara. Jira kake ta girma ka jefa ta a gwangwani." Ya rufe ido. "Bar shi, Baba. Na gaji."

Denzil ya kau da kai. Maganar ta soke shi, amma bai tsaya ya duba inda ta shiga ba, don a makon ne Clem ya amsa.

Clem Pengarrow direban babbar mota ne a kudancin Ostareliya, ƙato mai jan gemu, kuma mutumin kirki na gaske. Da ya ji labari ta wayar bidiyo, bai yi wata-wata ba ya ce, "Ɗan uwa ai ɗan uwa ne, tsoho. Ƙoda biyu gare ni, ɗaya zaman banza take yi." Denzil ya fita titi yana gaya wa duk wanda ya gani. Har shagon burodi ya shiga ya ce, kun gani ko, ku da kuke dariyar taswira?

Bayan 'yan makonni Clem ya kira da safe, Denzil na tsaye da butar shayi.

"Tsoho, ban ji daɗi ba. Sun ce ko kusa ban dace ba." Ya sosa gemu. "Da na gaya wa tsohuwata kuma sai ta yi ta dariya. Wai ashe kakana agola ne. Da cikinsa uwarsa ta auri Pengarrow ɗin, aka liƙa masa sunan. Ka ga ni da ku ko ɗigon jini babu. Amma fa ina son sunan, kada ka cire ni."

Denzil bai san lokacin da ya zauna a ƙasa ba. A nan Bethan ta same shi da ta kawo masa abincin rana, ya jingina da kujera yana kallon bango kamar wanda aka yi wa sata.

"Sun ƙare," ya ce. "Na kira kowa. Ba sauran kowa, Bethan. Yarona zai mutu."

Bethan ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ta kai bango. Ta dire kwanon, ta ɗauko gwangwanin alewar daga saman kabad, ta girgiza shi a gaban fuskarsa. Ya yi ƙara kamar an zuba tsakuwa.

"Waɗannan fa, Baba? Itatuwa ne? Jago ya hana ni magana, wai da wane ido za mu je musu. To ni idona ya bushe. Yayarka tana nan Newlyn, mota ɗaya ce. 'Ya'yanta uku, manya, lafiyayyu. Ka kira Afirka, ka kira Amurka, uwa ɗaya uba ɗaya ba ka kira ba!"

Abin da zai ba ka haushi, kuma ya ba ka tausayi, shi ne ba girman kai ne ya hana shi ba. Ko kaɗan yayarsa Loveday ba ta faɗo masa a rai ba. Tun ranar da ta auri Williams ta shige cikin Williams ɗin da suka cika ƙasar nan, waɗanda in ka jefa dutse a kasuwa sai ya sauka kan ɗayansu, ya daina lissafa ta. Shekarun baya ma, da ya haɗa babban taron masu sunan a zauren gari, mutane suka zo daga ƙasashe, ya kafa doka: masu sunan kawai. Matan da suka auro sunan suka shige suna ƙwas-ƙwas da takalma. Loveday da aka haifa da shi ta zo da yaranta cikin kwalliya, ya tare ƙofa ya ce ta yi haƙuri, doka ce. Tun daga ranar ko a jana'iza ba sa gaisawa.

Ya shiga motar Newlyn da rigar jiya a jikinsa.

Kerensa, babbar 'yar Loveday, tana da teburin kifi a bakin tasha. Ta gan shi tun daga nesa, ba ta daina aiki ba. Wuƙa na shiga, ƙaya na fita.

"Ikon Allah. Kawu Denzil da kansa. Ɓatan hanya ka yi, ko kifin Porthenna ne ya ƙare?"

"Kerensa, Jago ba shi da lafiya."

"Mun ji. A bakin mai burodi muka ji, kamar kowa. Mun kuma ji an samo ɗan uwa na gaske daga Ostareliya."

"Bai dace ba."

"Ayya." Ta jefa kan kifi a bokiti. "To ni ƙodojina biyu ne, amma duk Williams ne. Ka tabbata doka ta yarda su shiga?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shekarata tara," ta ce, muryarta ta sauka. "Rawayar riga Mama ta ɗinka min saboda taron nan. Muna jin ana tafi a ciki, muka koma tashar mota. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, sai da ta shiga banɗaki ta buɗe famfo. Kana tsammanin na manta?"

"Ban zo in ce ki manta ba." Ya dafa teburin, hannunsa cikin ruwan kifi, bai ma lura ba. "Ki zage ni, ki tara mutane ki zage ni. In kin ce in durƙusa a nan, yanzu zan durƙusa. Sunan ya mutu, Kerensa, ya bi ruwa, a goge shi daga kan kaburbura ma ban damu ba. Yarona nake so ya rayu. Shi ke nan abin da nake da shi."

Ta ajiye wuƙar. Sannan ta wanke hannu, ta cire rigar aiki, ta ce wa maƙwabciyarta ta duba mata tebur.

"Ba ni ka kora ba, ni rakiya na yi. Zo ka ga wadda ka kora."

Gidan kula da tsofaffi ne a saman tudu. A hanya Kerensa ta ce kada ya sa rai, shekara biyu ke nan uwarta ba ta gane kowa, ita kanta wani lokaci ma'aikaciya take ɗaukarta. Suka same ta a kujera gefen taga, ta ƙanƙance, an rufa mata bargo a gwiwa. Wata ma'aikaciya ta ce, "Uwargida Williams, ga baƙi." Tsohuwar ko motsi ba ta yi ba.

"Ba ta amsa wannan yanzu," in ji Kerensa. "Ta manta ta taɓa aure."

Denzil ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa na ƙara. "Yaya."

Ta dube shi da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo. "Sannu, Malam. Wa ke nan?"

"Denzil ne."

"Kai! Ina da ƙane mai sunanka. Ɗan ƙarami, ga taurin kai, ni nake goya shi zuwa bakin ruwa." Ta gyara zama, ta ɗaga haɓa. "Ni ce Loveday Pengarrow. Ka taɓa jin sunan? Ba mu da yawa, ka sani. Babanmu ya ce tunda ba mu da yawa, kada mu kuskura mu saki hannun juna." Ta leƙa bayansa wajen ƙofa. "Ko ka ga ƙanen nawa a hanya? Tun ɗazu nake jira ya zo ya shigar da ni."

Denzil ya kifa fuska a kan bargon ya fashe da kuka, kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne matarsa. Ita kuwa ta ɗora hannu a kan furfurarsa tana bubbugawa, tana cewa ya yi shiru, ya yi shiru, ko wane ne ya taɓa shi za ta gaya wa ƙanenta.

Da ya ɗago, Kerensa na tsaye a bakin ƙofa da waya a kunne tana kiran ƙanenta, idonta ja.

"Perran, kai ne? Ka nemo Cador. Ku ajiye duk abin da kuke yi ranar Litinin, Truro za mu je a ɗebi jininmu." Ta saurara. "Eh, mu ukun. Ɗan Kawu ne. Ɗan uwanmu."

Ta kashe wayar, ta dube shi.

"Ban ce za mu dace ba, Kawu. Allah kaɗai ya sani. In an dace kuma, ba don kai ba ne." Ta nuna uwarta da haɓa. "Tashi ka kama hannunta. Lokacin shayi ya yi, a babban zaure suke sha. Kai za ka shigar da ita."