Sirdin da Inuwa Ya Bari

Kabo bai taɓa hawa doki ba, iyakarsa jaki, amma duk ƙauyen Balan babu wanda ya kai shi sanin fatar sirdi. Dalili kuwa, shekarar da yayansa Inuwa ya kama hanyar Makka ta ƙasa, ya sayar da dokinsa ya yi guzuri, sirdin kuwa ya ce ba na sayarwa ba ne, na mahaifinsu ne. Ya danƙa wa Kabo shi, haɗe da linzami da likkafu, ya ce a rataye shi nesa da ƙasa, kada rana ta gan shi, kuma kada a shafa masa komai sai man shanu.

Shekara bakwai Kabo na kan wannan aiki. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya sauke sirdin. Ya goge shi da busasshen tsumma, ya bi ɗinkin da tsinke yana fitar da datti, sannan ya lakato man shanu kaɗan ya murza har fatar ta shanye. Da damina in funfuna ta fito, ya goge ta ya bar shi ya sha iska a inuwa. Ƙarfen linzami da likkafu kuwa da toka yake dirza su. Matarsa Hindatu takan ce da ita ake yi wa rabin wannan shafa, da ta fi amarya sheƙi. Shi dai a ransa muddin sirdin na nan lafiya, yayansa ma na nan lafiya.

Sai shekarar fari ta zo. Su Hanne, Bafulatanar da ke kawo musu man shanu, suka kora shanunsu kudu. Kabo ya nema a kasuwar Gaya, ya nema a Ajingi, bai samu ba, fatar kuwa ta fara bushewa. Ran nan Hindatu ta matse ɗan ragowar gyaɗarsu, ya dubi man a kwano ya ce ai mai duk mai ne. Ya shafa, sirdi ya yi ƙyalli irin wanda bai taɓa yi ba, har ya ji haushin kansa da bai gano wannan dabara tun tuni ba.

Abin da bai tuna ba, ɓeraye ma farin ya shafe su. Suka ji ƙamshin gyaɗa, suka bi igiya daga rufi suka sauko. Juma'ar da ta biyo ya tarar sun cinye gefen hagu, wuri kamar faɗin tafin hannu. Ya zauna ya riƙe kai, ko abinci bai iya ci ba. A makon nan kuma wani direban lori ya kawo wasiƙa daga Maiduguri: Inuwa na hanya.

Kabo ya naɗe sirdin a buhu ya kai wa Barau, tsohon baduku a Gaya. Barau ya shinshina sau ɗaya ya tambaye shi wa ya mai da sirdi ƙuli-ƙuli. Ya wanke man da sabulun salo da ruwan ɗumi, ya nemo tsohuwar fata mai kala ɗaya da ta sirdin, ya yi faci. Kabo ya roƙe shi ya yi yadda ba wanda zai gane, Barau kuwa gwani ne, ya yi hakan. Kabo ya dawo gida da sirdi lafiyayye, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Inuwa ya iso a rame, gemu ya yi fari, idanunsa kuma hanya ta cinye su, sai dishi-dishi yake gani. Bayan kwana uku, da masu barka da zuwa suka ragu, ya ce a ɗauko masa ajiyarsa. Ya ɗora sirdin a cinya, ya shafa gaba, ya shafa baya, hannunsa ya wuce ta kan facin bai tsaya ba. Ya yi ta sa wa Kabo albarka, yana cewa ko a hannun mahaifinsu fatar ba ta yi wannan laushi ba.

Kowace albarka sai ta yi wa Kabo nauyi. Da ya yi shiru da shi ke nan, har abada ba mai sani. Ya kasa. Ya kama yatsan yayansa ya ɗora a kan ɗinkin Barau.

“Yaya, nan ba fatar Baba ba ce. Man gyaɗa na shafa, ɓera ya ci, na sa aka ɓoye.”

Inuwa ya bi ɗinkin da yatsa a hankali, daga farko har inda ya zagayo. Kabo kuwa kansa na ƙasa.

“Shekara bakwai,” in ji Inuwa, “wannan kaɗai?”

“Shi kaɗai, Yaya.”

“Ni na fita da ido biyu, ka ga abin da na dawo maka da shi. Miƙo tsumman mu goge tare.”