Ji da Muƙamuƙi

Baba bai taɓa yarda aikina aiki ba ne. "Ga likitar ƙasusuwan da masu su suka mutu tun babu mutane a duniya," haka yake nuna ni ga abokansa. Da kunnensa ya toshe kuwa sai tsokanar ta ƙaru, don ya san ko na rama ba ji zai yi ba.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, wato saƙon murya na ƙarshe da Mama ta bar masa a waya kafin ta rasu. Kullum sai ya kara a kunne, bai taɓa jin ko kalma ɗaya ba. Abin yana cin raina.

Likita ya ce 'yan ƙasusuwan cikin kunnensa ne suka ƙage. Daga asibiti muka biya ɗakin bincikenmu in ɗauki jaka. Baba da karambani, kafin in juyo har ya leƙa madubin ƙara girma.

"Wannan tsakuwar fa, ita ake biyanki ki yi gadi?"

Na rubuta masa a allo cewa muƙamuƙin wata dabba ne da ya zama dutse. Na ɗora hoton ɗan tayin ɓera kusa da shi, na nuna masa ƙasusuwa biyu da ke tsirowa a jikin muƙamuƙi, daga baya su ɓalle su koma kunne. Dutsen nan ya kama su suna tsakiyar ƙaura.

Ya shafa gemu. "Wato da can da haɓa ake ji? To yanzu hanyar ta mutu ne?"

Ni ma sai na so in gani. Ƙashi dai yana ɗaukar sauti. Na ɗauko fensir na sa ya ciza, na danna ɗaya bakin a jikin wayarsa, na kunna saƙon.

"Malam, ka sha maganinka, kar ka ce min ka manta. Kuma ka sayo gishiri."

Idonsa ya cika. Ya ƙara cije fensirin. Sai da muryar ta ƙare ya zare shi, duk shatin haƙori.

"Ashe faɗa take yi min," in ji shi. "Sake kunnawa, likita."